Murjani Ma Yana da Baki

A ɗakin jiran likitan haƙori, bayan kasuwar Wadata,
akwai teku mai tsawon kamu huɗu.
Ni ke ba ta abinci,
ni da ban taɓa ganin teku ba.
Ruwan da na sani tafkin Tabalak ne,
inda tarwaɗa ke haɗiye duk abin da ya faɗo,
ba ta tambayar sunansa.

Waɗannan ba haka suke ba.

Dakta Barmu ya manna mini takarda a bango:
wa ke cin me, da ƙarfe nawa.
Ruwan-ɗorawan nan mai tsinin baki
ganyen teku yake so, busasshe,
baƙi kamar takardar da ta sha hayaƙi.
In maƙale shi a jikin gilas,
ya zo yana figa kamar akuya a dangar maƙwabci.
Ma'auratan nan masu farar ɗamara
sai jatan lande, ƙanana, ba su kai tsabar gero ba,
daskararru, tun daga Kwatano.
In narkar a murfin kwalba, in tsiyaye, in zuba kaɗan.
Kaɗan, in ji takarda,
an ja masa layi biyu.

Makon farko kunya ta kama ni.
A gidanmu ba a auna wa baƙo loma.
Na cika hannu, na ƙara.
Kwana uku ruwa ya gurɓace,
gansakuka ta haye duwatsu kamar gonar ubanta.
Dakta ya ɗiga magani a kwalbar gwaji, ya dubi launi,
bai ce uffan ba, ya miƙo mini bokiti.
Jarka shida na canja ranar,
da gishirin da ba na Bilma ba,
mai tsadar buhun shinkafa.

Amma murjani ne ya ɗaure mini kai.
Ai na san murjani: ja, a zare,
a wuyan kakata Tsahara,
ko wanka za ta yi sai ta ƙirga shi.
Dakta ya ce wancan da wannan dangi ne.
Ban san yana da rai ba,
balle baki.

Da rana haske yake ci,
shi ya sa shuɗiyar fitilar ba ta latti.
Daren Talata da na Asabar,
bayan na kulle ƙofa, na kashe famfo,
sai in dama garin nan mai ƙarni,
in zuƙe shi a sirinji marar allura,
in tsuguna.
Dutse ya soma kumbura.
'Yan yatsu su fito, sirara, ba sa ƙirguwa,
suna laluben ruwa.
In fesa a hankali,
su naɗe, su kai ciki.

Cikin bazara wuta ta ɗauke awa tara,
jatan lande ya narke, ya yi wari.
Na sauka bakin kogi da asuba,
na ce a yanko mini giwan ruwa kamar babban yatsa.
Mai kifi ta kwashe da dariya:
"Wa za ka ciyar, aljani?"
Na daddatsa da reza. Sun ci kuwa.
Dakta ya ce sau ɗaya ba laifi,
amma kitsen kogi ba na cikinsu ba ne.

Daren nan na kira inna a waya.
Na ce, abin wuyan kaka, ashe da can abinci yake ci.
Ta yi shiru, ina jin kukan tumaki bayanta.
Ta ce, "An sayar da shi shekarar da hatsi ya yi wuya.
Wata biyu kuna cin tuwonsa.
In ka je, ƙara masa ko loma guda."

Na tsaya da sirinji a hannu,
yatsun nan duk a buɗe.
Na dubi takarda, layi biyu.
Ban ƙara ba.
Na dai daɗe ban kunna famfo ba.